Gidan namu ne, fulotin na wani: yadda muka sadaukar da tirelarmu a Ohayo

A kakar 2023 Allah ya hore mana muka sayi gida mai harsashi a cikin birnin Kolumbus, jihar Ohayo, sai wanda muka baro ya zame mana ƙarfen ƙafa. Gidan tirela ne, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta, a jawo shi da babbar mota a dasa a fuloti. Faɗinsa ƙafa 14, tsawonsa ƙafa 70, ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki, ƙirar 1994. A 2015 muka saye shi kuɗi hannu kan dala 9,000, babu bashin banki, kuma a cikinsa yaranmu suka yi wayo. Sama da mutum miliyan 20 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje a Amurka, don su ne mafi sauƙin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallaka. Sai dai a unguwar tirela irin tamu, mallakar rabi ce. Gidan naka ne, har da takardarsa irin ta mota, amma ƙasar da yake kai ta mai unguwar ce, kuma duk wata sai ka biya hayar fuloti, ko kana kwana a ciki ko ba ka kwana.

Da muka shiga, hayar dala 340 ce. Tun da wani kamfani daga wata jiha ya saye unguwar, shekara ba ta zagayowa sai an ƙara, har ta kai 585. Dokar Ohayo ta ce sai an ba ka sanarwar kwana 30 a rubuce kafin a yi ƙari, kuma ba a yi a tsakiyar wa'adin yarjejeniya, amma ba ta yanka iyakar abin da za a ƙara ba. To ga mu da biyan sabon gida, ga hayar fulotin da ba kowa a kai.

Sayarwa muka fara nema. Kamfanin unguwar ya taya dala 2,000, ba ko kunya. Waɗanda suka zo da sonsa da gaske kuma duk biyan kaɗan-kaɗan suke nema, ni kuwa ba ni da ƙarfin bin bashi a ƙasar da sai an je kotu kafin a fitar da mutum. Wani dare ina ta buga lissafi, maiɗakina ta ce, "Baban yara, gidan da ya rufa mana asiri shekara da shekaru za ka bayar a kuɗin tsohuwar mota? Gara mu bayar don Allah, ladan ya isa ga Baba." Mahaifina ya rasu a shekarar da ta gabata, ban kuma samu zuwa jana'iza ba. Ban yi mata musu ba.

Wani zai ce, ai gida ne mai taya, ka ja abinka ka kai wa wanda kake so. Tayar suna ce kawai. Ran da aka dasa shi aka kwance tayoyin da ƙarfen da ke riƙe su, aka cire sandar ja, aka ɗora shi a kan bulo, aka ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe a ƙasa saboda iska, sannan aka haɗa ruwa da gas da wuta da bututun masai. Kamfanin da na kira ya ce kwancewa da ja da sake dasawa ba za su gaza dala 7,000 ba, ban da takardar izinin ɗauka daga ofishin odita na ƙaramar hukuma, kuma ba su ɗaukar alhakin abin da zai faru da gida mai shekara talatin a kan titi. Ko an ja shi ma, unguwanni da yawa ba su karɓar tsohon gida. Shi ya sa akasarin gidajen nan inda aka fara ajiye su nan suke tsufa, kuma masu unguwanni sun san da haka sarai lokacin da suke ƙara haya. Saura hanya ɗaya ke nan: a bayar da shi yana nan inda yake.

Masallacinmu na fara tunkara, don a raina akwai iyalai sababbin zuwa da ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Wani dattijo ɗan kwamiti, mutumin Kumasi, ya saurare ni har na gama, ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya ce, "Ƙanena, ka taɓa ganin an yi wa wanda ba shi da harawa kyautar doki? Mu da ke karo-karo mu biya kuɗin wuta, wa zai riƙa biyan 585 duk wata? In bututu ya fashe cikin dare wa za a kira? In yaro ya faɗo daga matakala sunan wa lauya zai rubuta?" Na ji zafin maganar a ranar, amma gaskiya ya faɗa, kuma ita ce amsar da na yi ta samu daga baya da lafazi iri-iri. Manyan ƙungiyoyin agaji suna karɓar kujeru da firiji da mota, wasu har gida mai fili, amma da zarar sun ji "hayar fuloti" sai murya ta sauya.

Akwai kuma shafukan intanet masu tallar cewa ka ba su gidan tirelarka su taimaki mabukata. Na kira wasu. Tambaya ɗaya nake yi musu: wa zai zauna a gidan? Waɗanda na yi magana da su ba mai zaunar da kowa. Sayarwa suke yi ta hannun dillali, a cire kuɗin ɗawainiya, abin da ya rage a miƙa wa wata ƙungiya. Ba haramun ba ne, kuma ga wanda kawai yake son ya rabu da ƙaya yana iya zama mafita, amma ba abin da muka yi niyya ba ke nan. Abin da ya taimake ni wajen tacewa shi ne rajistar da hukumar harajin tarayya, IRS, take da ita a shafinta, inda za ka rubuta sunan ƙungiya ka ga ko tana ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wato ko hukuma ta yarda ta agaji ce. Masallatai da coci-coci ba lallai su fito a ciki ba, don doka ba ta tilasta musu neman rajistar ba, amma mai tallar agaji a intanet in babu sunansa, ka yi hattara.

Ta hannun wata malamar makarantar 'yarmu muka samu waɗanda suka karɓa. Ƙaramar ƙungiya ce, ofishinta ɗaki biyu a bayan wani coci, aikinsu samar wa iyalan da ke fitowa daga gidajen fakewa na marasa muhalli wurin zama. Shugabar, wata dattijuwa mai saurin magana, ba ta tambaye ni ɗaki nawa ba, ba ta nemi hoto ba. Cewa ta yi, "Nawa ne hayar fulotin? Ana bin ka bashi? Manajar unguwar ta san da maganar nan?" Daga nan na san na zo wurin waɗanda suka san hanya. Tsarinsu shi ne su karɓi takardar mallaka da sunan ƙungiya, 'yan sa-kai su gyara gidan, su saka iyali, su tallafa da wani kaso na haya na 'yan watanni, in iyalin sun tsaya da ƙafarsu a mayar da takardar sunansu.

Ta turo wani tsohon kafinta da ya yi ritaya ya duba gidan. Bai fara da ƙofa ba. Bayan gidan ya zagaya, ya goge wani ɗan jan ƙarfe da ke manne a jikin bango da babban yatsa, ya kwafe lambar da ke kai. Wannan alamar ita ce shaidar an ƙera gidan bisa ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ƙa'idar da ta fara aiki ranar 15 ga Yunin 1976. Ya ce wanda aka ƙera kafin wannan rana ba su ko zuwa dubawa, don inshora ba ta son sa, wayoyin wutarsa kuma abin tsoro ne. A ciki ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya haska wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, mai ɗauke da ranar ƙira da lambar gidan da nauyin dusar ƙanƙarar da rufin zai iya ɗauka, ya gwada lambar da ta takardar mallakata. Sai ya shiga banɗaki ya tsaya gefen baho, ya danna dunduniyarsa, ƙasan ya ɗan lotsa, ya dube ni bai ce komai ba. Daga nan ya zare shingen robar da ke rufe ƙarƙashin gida, ya shimfiɗa kwali, ya ja ciki ya shige da tocila a baki. Ina tsugune ina jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Da ya fito, yanar gizo-gizo duk a hularsa, ya ce ƙarfen gindin lafiya lau, bulo ɗaya ne ya karkace, amma bututun ruwan na roba ne mai launin toka, folibutilin, wanda aka yi ta sa wa gidaje daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990 kafin a daina saboda yawan fashewa. Sauya bututun su za su yi da 'yan sa-kai. Katakon banɗaki da matakalar gaba ni na ce zan ɗauka, don ba na son a ce sadakar mahaifina ruɓaɓɓen daɓe ce.

Kwamitin amintattunsu ya zauna ya amince, da sharaɗin sai unguwa ta yarda a rubuce.

A nan aikin yake. Rijiya ta bayar, saura guga. Dokar Ohayo, a babi na 4781, tana gefen mai gida ta wasu fuskoki: in ka ba mai unguwa sanarwar kwana goma, ba shi da ikon hana ka sayar da gidanka a inda yake, ba zai tilasta a fitar da gidan don kawai ya sauya hannu ba, kuma ba zai ƙi ƙulla haya da mai saye ba sai da dalili mai ma'ana. Na kai sanarwata a rubuce, na sa manajar ta sa hannu a kwafina. Ta karanta, ta ajiye, ta ce ita ba ta da matsala da ni, amma ƙa'idar unguwa ita ce mai gida shi ne mazaunin gida, ba a ba da haya a kan haya. Ƙungiya kuwa ba ta kwana. In sunan ƙungiya ne a takarda, wani kuma yake ciki, to a wurinsu sayen gida aka yi ana haya da shi. Ta ƙara da cewa tayin dala 2,000 yana nan in na gaji.

Na fahimci lissafinsu. In na gaji na sayar musu, ko na gudu na bar gidan, za su yi masa fenti su sayar da shi ninkin-ba-ninkin, ko su ba da hayarsa gaba ɗaya. Wani lauya da ke taimaka wa ƙungiyar kyauta ya ce dokar maganar sayarwa take yi, namu kuwa kyauta ne, kuma ko za a yi nasara a kotu, kuɗin hayar da zan biya kafin a yanke hukunci ya fi ƙarfin gidan. Don haka lallami aka bi. Shugabar ƙungiyar ta je da kanta, ta nemi a haɗa ta da na sama da manaja, ta nuna musu abin da zai shiga aljihunsu: haya ba za ta yanke ba, ƙungiya ce ke tsaya wa iyalin, gida zai samu sabon bututu da inshora. Aka rubuta yarjejeniya mai shafi biyu. Ƙungiya za ta sa hannu a hayar fuloti a matsayin mai gida, za a rubuta sunan iyalin a matsayin mazauna, za a mayar musu da takardar mallaka cikin shekara guda, kuma iyalin sai sun tsallake tantancewar unguwa kamar kowa. Suka haɗa mini da jerin gyare-gyare na waje: a wanke bango, a sauya shingen da ya fashe, a sa wa matakala madafa, a yi wa rumfar ajiya fenti.

Tantancewar nan ce ta fi ci mini rai. Kowane baligi zai biya kuɗin fom, a binciki tarihinsa na bashi da na kotu, a ga ko abin da yake samu ya ninka haya sau uku. Iyalin farko da ƙungiya ta gabatar, miji da mata da yara uku, an ƙi su saboda an taɓa fitar da su daga gidan haya lokacin da mijin ya rasa aiki. To don Allah wa ke kwana a gidan fakewa in ba wanda aka taɓa fitarwa ba? Mutumin da tarihinsa ke da tsabta, albashinsa ya ninka haya sau uku, ba shi ne ke jiran sadakata ba. Siraɗin an gina shi ne yadda wanda ya fi bukata shi zai fara faɗawa. Sun riga sun zo sun ga gidan, ƙaramar 'yarsu har ta zaɓi ɗaki. Shugabar ta ce daga ranar ta daina kai iyali su ga gida kafin amsa ta fito.

Ana cikin haka hunturu ya shigo. Gidan tirela ba a barin sa ba ɗumi a sanyin Ohayo, don bututunsa a ƙarƙashi suke, iska na ratsa su. In ruwa ya daskare a ciki, bututu ya tsage, ran da ya narke sai ka tarar da tafki. Na bar na'urar ɗumama tana aiki a ƙasa-ƙasa, na tabbatar wayar ɗumin da ke naɗe da babban bututu tana jone, na buɗe ƙofofin kabad don ɗumi ya isa. A tsakiyar Janairun 2024 da sanyi ya tsananta, ina tashi daga aiki sai na biya ta can in buɗe famfo in ji ko ruwa na zuwa. Kamfanin inshora ma sai da na sanar da su cewa ba kowa a ciki, don gidan da aka bari ba mutum yana da nasa sharuɗɗan.

Wadda ta tsallake daga baya wata mata ce mai aiki a gidan kula da tsofaffi, da 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta. Takardar da ƙungiya ta rubuta cewa za ta cike gibin haya ita ta sa aka ɗaga mata ƙafa a kan maganar ninki uku.

Aikin takardu, wanda na fi jin tsoro, shi ya fi sauƙi, don shugabar ta san jerin ƙofofin. A Ohayo ba a sa hannu a bayan takardar mallaka a gida. Sai a gaban mai hatimin shaida, kuma tunda sunana da na maiɗakina ne a kai, dukanmu muka je da katin shaida. A gurbin farashi aka rubuta kyauta. Daga nan sai ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma. Harajin irin waɗannan gidaje kashi biyu ake biyansa, 1 ga Maris da 31 ga Yuli, amma mai sauya suna sai ya biya na shekarar duka kafin a buga masa hatimi, don haka na biya har da na Yulin da ba zan kasance mai gidan ba. Sai ofishin odita, inda ake cike fom ɗin sauya hannu a biya kuɗin da ake yanka wa ciniki. Namu da yake kyauta ce ga ƙungiyar agaji, fom ɗin neman yafiya muka cike, aka buga hatimi na biyu. Da hatimai biyun nan aka je sashen takardun mallaka na magatakardar kotu, aka karɓi tsohuwar, aka buga sabuwa da sunan ƙungiya. Sa'armu ɗaya, babu sunan banki a takardarmu. Wanda ya sayi nasa da bashi, ko ya gama biya, sai ya kawo shaidar cewa mai bashin ya sake shi, in kuwa kamfanin ya rufe ko wani ya haɗiye shi, neman wannan takarda kaɗai na iya cin watanni.

Mutane da yawa da suka ji labarin, tambayarsu ta farko ita ce nawa gwamnati ta rage mini a haraji. Ko sisi. Ga yadda abin yake. Kyautar da ta kai dala 250 sai da wasiƙar ƙungiya mai bayyana abin da aka bayar da cewa ba a ba ka komai a madadinsa ba. In kaya ne da suka haura dala 500, sai ka cike Fom 8283. In sun haura 5,000, sai ƙwararren mai kimanta daraja ya rubuta rahoto, wanda ba a yi shi fiye da kwana 60 kafin ranar kyautar ba, ƙungiya ma ta sa hannu a fom ɗin; in ta rabu da kayan cikin shekara uku kuma, ita za ta sanar da IRS da Fom 8282. Amma duk wannan yana amfani ne ga wanda ke jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a maimakon karɓar rangwamen bai-ɗaya, wanda a 2024 ya kai dala 29,200 ga ma'aurata masu cike takarda tare. Mai yi mana lissafin haraji ya tara komai namu, har da gidan a farashi mai tsoka, bai kai nan ba. Ya ce, "Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka wajen mai kimantawa." Wasiƙar dai na karɓa na adana, don ita ce shaidar ranar da gidan ya bar hannuna.

Ranar da sabuwar takarda ta fito ban tafi gida ba sai da na koma ofishin unguwa. Sauya sunan gida ba ya kashe yarjejeniyar hayar fuloti. Abu biyu ne daban, kuma muddin sunanka na kan ta biyun, kai za a bi. Na sa aka rubuta mini cewa hayata ta ƙare a ranar, ba a bi na komai, aka karanta mitar ruwa a gabana. Na kira kamfanin wuta da na gas aka mayar da asusun sunan ƙungiya ba tare da an yanke ba, saboda sanyi bai gama wucewa ba. Inshorata kuwa ban soke ta ba sai da na ga takardar tasu ta fara aiki. Kuɗin ajiyar da na bayar tun 2015 ya dawo bayan 'yan makonni, an ɗan gutsure shi da sunan gyaran ciyawa.

Da muka zauna muka tara hayar watannin jira da gas da katako da fenti da haraji, abin ya haura dala 4,000, ban da 2,000 ɗin da muka ƙi karɓa. Maiɗakina ta dubi takardar ta ce, "Ashe sai mai hali ke iya kyautar gida." Da wata ƙungiyar ce mai asusun ɗaukar haya tun ranar da ta ce ta karɓa, da kuɗin bai kai haka ba, kuma duk wanda ya tambaye ni yanzu ina ce masa ya fara da manaja da maganar wa zai biya hayar lokacin jira, kafin ya yi wa kowa alkawari.

Kafin shekara ta cika ƙungiyar ta mayar da takardar mallaka sunan matar, kamar yadda aka rubuta. A lokacin hayar fulotin ta koma 620. Shugabar ta sa ta nemi yarjejeniyar shekara guda, wadda doka ta wajabta wa mai unguwa ya gabatar wa duk mai gida, maimakon ta wata-wata, don aƙalla farashin ya tsaya cik har wa'adin ya ƙare.